Sawun da Aka Share a Gonar Gwamna

Mai ba kifi abinci ne ya fara ganinsa, wajen ƙarfe bakwai na safe. Hedimasta na kwance a bakin tafki na biyu a gonar Gwamna, goshinsa a fashe, ƙeyarsa a kan dakalin siminti, tabaraunsa a karye can gefe. Wani ya ninke hularsa ya tura masa ƙarƙashin kai, ya kuma rufe masa ido. Da mai ba kifi abincin ya yi hankali ya je ya raɗa wa manaja, da an ce santsi ne ya kwashi tsoho, a binne a watse. Sai ya yar da bokiti ya kurma ihu. Kafin a rufe ƙofa rabin unguwa sun ga goshin da idonsu. Tun da kuwa an gani, dole a samo wanda ya fasa shi.

Shi ya sa aka aika mota ta ɗauko Baba Sawu.

Shekara talatin da huɗu yana bi wa 'yan sanda sawun ɓarayin shanu da masu fasa shaguna. Bai taɓa sa kaki ba, boko kuma iyakarsa sa hannu, amma in ya duƙa ya dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, alƙali ma ba ya ja da shi. Abin da manya ke nema ke nan a ranar, bakin da gari zai yarda da shi.

A ƙofar gona mutane sun yi cincirindo, kowa na magana ƙasa-ƙasa yana satar kallon na kusa da shi.

"Aikin 'yan adawa ne wannan," in ji wani mai faci.

"Wace adawa? Mutumin da ya shekara yana caccakar gwamnati a rediyo, shi adawa za ta kashe?"

"Kai, rufa mana asiri, ina da yara ƙanana."

Baba Sawu ya ratsa su ya wuce. Yana shiga ya ga motar 'yan sanda a gindin mangwaro, a bayanta kuma wani na zaune da ankwa, jini ya bushe a gaban rigarsa. Mai lambun gonar ne. Surukinsa ne kuma, mijin autarsa, wadda ke gida da goyon wata huɗu. Tsohon ya dafa jikin motar. Mai lambu ya ɗago ya gan shi, ya sunkuyar da kai.

Sufeton da ke riƙe da binciken ya zo da sauri. Mutum ne mai tumbi da yawan gumi, ba mugu ba, sai dai tsoro ya ci shi tun yana kofur.

"Wallahi Baba ban san naka ba ne, sai yanzu ake gaya mini. Da ban aika maka ba."

"Ai ka aika. Me kuke da shi a kansa?"

"Jinin marigayi a rigarsa. Sawunsa a gefen gawa. Shi kaɗai ke ɓangaren nan jiya da yamma lokacin da ake yayyafi. Mun tambaye shi, ya ƙi buɗe baki."

"Mai gonar fa?"

Sufeto ya waiga hagu da dama. "Mai Girma yana ofis jiya har magariba. An rubuta."

An rubuta. Baba Sawu ya daɗe da sanin cewa a gidan gwamnati abin da aka rubuta ya fi abin da ya faru ƙarfi.

Ba mai buƙatar a gaya masa wane ne Hedimasta a wurin Gwamna. Shekara arba'in baya, wani siririn saurayi ya zo firamaren bayan tasha da riga ɗaya da takalmin roba, Hedimasta ya ba shi aji uku ya koyar, ya kuma ba shi ɗakin zaure ya zauna. Shi ya tura shi ƙungiyar malamai don ya ga yaron ya iya magana. Daga nan sai kansila, sai ciyaman, sai majalisa, sai gwamna har sau biyu. Kowane mataki wuyansa na ƙara kauri, muryarsa na ƙara laushi, masu iya ce masa a'a na raguwa. Yanzu saura wata biyar ya sauka, yana hangen kujerar sanata, kuma a duk jihar mutum ɗaya ya rage da ke kiransa da sunansa na yanka. Shi ne aka ɗauke a makara da safen nan.

* * *

Ya fara da katanga, don a can ya ga wani sawu da bai dace da wurin ba: takalmin ruwa, na hagu ya tsage a dunduniya. Ya shigo ta inda waya ta lotsa, ya zo har taku goma daga gawa, ya tsaya cak, sannan ya juya da gudu. Baba Sawu ya bi shi, Sufeto na haki a bayansa. Suka ratsa gonar masara, suka tsallake kwata, suka ɓulla bayan wani gidan bulo da ba a gama ba. A ciki suka sami wani magidanci ramamme yana fafe tarwaɗa uku, takalmin na jingine a bango.

Yana ganin kaki ya zube. "Kifi ne kawai, ranka ya daɗe! Na rantse kifi kawai nake ɗauka. Da asuba na shiga, na ga mutum a kwance, na arce."

Sufeto ya ja Baba Sawu gefe, idonsa na ƙyalli. "Baba, Allah ya kawo mana mafita. Ɓarawo ne, ya shiga gona, sawunsa na wurin. Su dai mutum suke so. Ka ce shi ne, na sakar maka surukinka kafin azahar."

Tsohon ya daɗe yana kallon mutumin, da wata 'yar yarinya da ke leƙe ta bayan labulen buhu. Ƙarya ɗaya ce tak. Zuciyarsa ta so ta, ba zai ɓoye wa kansa ba, ta so ta ƙwarai.

"Sawunsa bayan ruwa aka yi shi," ya ce a ƙarshe. "Ba ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Ruwa ya ɗauke tun kafin magariba, shi kuwa ya taka ƙasa bayan ta fara tsotsewa. Marigayi ya yi awa goma a kwance kafin wannan ya iso."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Sufeto ya yi tsaki ya share wuya. "Kai dai Baba, halinka zai kashe ka."

* * *

Matar Hedimasta ta karɓe shi a ɗan falonsu, tsakanin kabad ɗin littattafai da tsohon keken ɗinki. Masu gaisuwa sun cika tsakar gida, amma ta sa aka ja ƙofa. Ba ta kuka, ta wuce nan.

"Me ya kai shi gonar, Hajiya?"

"Kira aka yi."

"Wa ya kira?"

Ta nuna wani littafi mai kauri a kan tebur, bangonsa na sheƙi, hoton Gwamna na murmushi a gaba. "Tarihin rayuwarsa ne, za a ƙaddamar kafin ya sauka. Suka kawo wa malam wai ya rubuta gabatarwa, tun da shi ya rene shi. Ya kwana uku yana karantawa da jan biro a hannu, kamar mai duba jarrabawa. Da ya zo babin yajin aikin malamai, inda aka ce Gwamna ne ya tsaya wa 'yan'uwansa, sai ya rufe littafin. Ya ce mini, wannan yaron shi ya kai wa hukuma sunayen malamai goma sha ɗaya aka kore su, da haka ya sami takarar kansila. Biyu a cikinsu sun mutu ba su sake riƙe alli ba. Ya ce shekara talatin yana rufa masa asiri, amma ba zai sa hannu a kan ƙarya ba, kuma ranar ƙaddamarwa zai tashi ya faɗa."

"Sai aka kira shi."

"Jiya bayan azahar. Ina zaune nan, muryar na fitowa daga wayar. Ya ce, Malam, zo gona mu yi magana kamar da, ni da kai. Har malam ya yi murna, ka ji. Ya sa sabuwar hula."

"Za ki faɗi haka a gaban hukuma?"

Ta dube shi kallon da ya sa ya ji kunyar tambayar. "'Ya'yana uku duk ma'aikatan jiha ne, Baba. Wayar ma an zo an karɓe ta da sassafe, wai bincike. Ban ji komai ba jiya, ina ɗinki."

* * *

Da la'asar ya koma bakin tafki shi kaɗai. Ya cire takalmi, ya tattare riga, ya bi hanyar ƙasar da ta taso daga gidan gona zuwa tafki, taku ɗari da 'yan kai. Tsakiyar hanyar an bi ta da manjagara, an share wani siririn layi tsaf tun daga matakalar gida har bakin dakali. Da safe 'yan sanda sun ga sharar sun ce ai aikin mai lambu ke nan kullum. Amma wa ke share tsakiyar hanya faɗin kamu biyu ya bar gefe da gefe, kuma a cikin yayyafi?

A hagun layin, sawun Hedimasta, takalmi mai faɗi da ramin sanda. A daman layin kuma, ɗan baya kaɗan, wani sawu: sau-ciki mai tsini, na saurayi dogo. Amma dogon nan takunsa gajeru ne, irin na mai bin wani da ba ya sauri. Ƙafarsa ta hagu ta fi nutsewa, jikinsa a karkace yake wajen layin da aka share. Inda Hedimasta ya tsaya, shi ma ya tsaya. Bai taɓa shiga gaba ba, bai taɓa taka layin ba.

A bakin dakali Baba Sawu ya durƙusa har hancinsa na kusa da ƙasa. Ƙananan ramuka ne jere, kamar an sossoka tsinke, sun yi rabin da'ira. Ɗigon ruwa ne daga bakin babbar lema, an tsaya da ita wuri ɗaya an daɗe. Tsakiyar da'irar ba a kan mai sau-ciki take ba, ba kuma a kan Hedimasta ba. Tana kan wurin da aka share.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya gane, kuma bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan. Mutanen gidan gwamnati sun share sawun mutum ɗaya da suka sani mutum ne. Mai riƙe lema kuwa bai zo musu a rai ba. Shekara takwas yana tsaye a bayan ubangidansa, sun daina ganinsa, kamar yadda ba a ganin ƙafar kujera.

Sauran labarin a fili yake. Dugadugan Hedimasta sun ja baya sun kafta ƙasa. Daga cikin bishiyoyin lemo sawun surukinsa ya fito a guje, ya zo ya durƙusa a gefen gawa. Sannan gwiwoyin nan biyu suka juya, suka fuskanci tsakiyar da'irar, suka nutse sosai. Ya daɗe a durƙushe a gaban wani. Bayan nan sai sawunsa yana tafiya da baya da baya, yana jan manjagara.

* * *

Washegari da hantsi aka tara su a babban falon gidan gona, mai kujerun fata da sanyin na'ura. Kwamishinan 'yan sanda na zaune da takarda an riga an buga, saura sa hannun mai bin sawu. Ga Sufeto, ga manaja, ga mai ba kifi abinci. Aka shigo da mai lambu. Tun daga ƙofa Baba Sawu ya ga yadda yake taka gefen ƙafa, ya san abin da aka yi wa tafinta a daren jiya.

Sai Gwamna ya shigo, cikin fararen kaya, idonsa jajur, riƙe da sanda mai kan azurfa. A bayansa, taku ɗaya ta dama, wani dogon saurayi da sau-ciki mai tsini, yana ta ƙoƙarin danne tari. Mura ta kama shi sosai.

"Ku zauna, ku zauna," in ji Gwamna a hankali. "Uba na rasa. Baba, an ce kai ne idon jihar nan. Gaya mana abin da ka gani."

Baba Sawu ya miƙe. Ya faɗa, tiryan-tiryan, tun daga matakala har dakali. Ya faɗi gajerun takun dogon mutum, da ramukan ɗigo, da gwiwoyin da suka juya.  Ya juya ga saurayin.

"Ɗana, ruwa ya dake ka shekaranjiya, ga lema a hannunka. Wa ka riƙe wa?"

Saurayin ya buɗe baki. Idonsa ya kawo ruwa, har Baba Sawu ya ji wani abu kamar sa rai ya motsa a ƙirjinsa. Gwamna bai ko waiga ba. Ya ɗan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sandar, kamar mai korar ƙuda.

"Marigayi na riƙe wa," in ji saurayin. "Na raka shi, na dawo."

"Marigayi rigarsa sharkaf aka same ta."

"Iska ce."

Gwamna ya gyaɗa kai, ya yi ɗan murmushin gajiya. "Ka san ni malamin makaranta ne, Baba, ina son mai lura. Bari in yi maka tambaya irin ta aji uku. Ka ga sawuna a wurin?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ko ɗaya?"

"An share."

"To me ka gani a inda aka share?"

Tsohon ya ce, "Ba komai."

"Ba komai." Gwamna ya dubi Kwamishina. "A rubuta yadda ya faɗa, kada a ƙara masa, kada a rage. Dattijo ne mai gaskiya."

Ta taga Baba Sawu ya hango tarakta tana shiga hanyar tafki, garmarta a ƙasa. Manaja ya ce dama an tsara za a dasa ciyawa a wurin tun watan jiya.

Saura mutum ɗaya. Baba Sawu ya taka har gaban surukinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya dafa kafaɗarsa. "Kai ka rufe masa ido, ka sa masa hula a ƙarƙashin kai. Na sani ba kai ba ne. Faɗi gaban wa ka durƙusa. Faɗi kawai, ni zan tsaya."

Mai lambu bai ɗago ba. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce, hadda ce aka ba shi. "Ni ne. Ya zage ni a kan shuka, na buge shi da ƙotar fartanya. Na share don in ɓoye sawuna." Sannan can ƙasa, yadda tsohon kaɗai zai ji: "Sun san gidan, Baba. Sun faɗi launin ƙofar. Sun san sunan jaririyar. Don Allah ka bari."

Hannun Baba Sawu ya zame daga kafaɗar. Aka miƙo masa biro. Takardar ta ce an ga sawun wanda ake tuhuma a gefen gawa, an ga shi ya share wurin, ba a ga sawun wani ba a inda aka share. Ya sa aka karanta masa sau biyu yana neman kalma ɗaya ta ƙarya da zai kama ya ƙi, bai samu ba. Ya sa hannu.

Gwamna ya tashi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, tafinsa da laushi da ɗumi. "Jiha na godiya," ya ce. Ya fita, dogon saurayin na biye da shi yana tari.

* * *

Ya ƙi motar Sufeto, ya tafi da ƙafa. A hanya ma'aikata na kan tsani suna liƙa sabbin hotuna a allunan titi, fuskar nan dai mai murmushi, yanzu da kalmar sanata a ƙasanta. Bai taɓa tafiya bai kalli ƙasa ba sai ranar.

Autarsa na tsaye a ƙofar gida, jaririyar a kafaɗa. Tun daga nesa take karanta fuskarsa. Ta dafa wa mijinta abinci ta zuba a kwano ta ɗaure da ɗankwali, yana ajiye a kan dakali, don ta tabbata in babanta ya duba ƙasa, gaskiya za ta fito, kamar yadda take fitowa tun tana yarinya.

"Baba, ka gano?"

"Na gano."

Ta saki ajiyar zuciya, har ta fara murmushi. "Alhamdu lillahi. To yaushe za su sake shi? In kai masa abincin can, ko in jira ya dawo?"

Ya dubi kwanon, ya dubi jaririyar da ke barci da baki a buɗe.

"Kai masa," ya ce. "Ki riƙa kai masa."